Gahawar Kamaru da ƙyallen audugarmu

Abin da ya daɗe yana damuna a Garwa shi ne, idan mutum ya tsaya wajen mai shayi ya nemi gahawa, garin Nescafé za a kaɗa masa a ruwan zafi, alhali kuwa Kamaru ƙasa ce mai noman gahawa. A tsaunukan yamma, wajen Bafusam da Fumban da Bamenda, ana noman arabika mai ƙamshi, a yankin Nkongsamba kuma ana noman robusta, wadda ta fi ɗaci da ƙarfi. Zafin arewa bai yarda da bishiyar ba, amma mu Allah ya ba mu auduga, har ma hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON a garin nan take. Saboda haka nake ganin babu hanyar dafa gahawa da ta dace da mu kamar tacewa da ƙyalle.

Matacin ba wani abin wahala ba ne. Tela zai ɗinka 'yar jaka mai tsini a ƙasa da farin yadi na auduga zalla, wanda ba a rina ba, a zagaye bakinta da waya mai mariƙi. Kafin a fara aiki da ita sai an tafasa ta sosai don sitacin yadin ya fita. Takardar tacewa, wadda wata Bajamushiya mai suna Melitta Bentz ta ƙirƙiro a Dresden a 1908, tana shanye yawancin man da ke cikin gahawa, rariyar ƙarfe kuma tana sakin diddiga cikin kofi. Ƙyalle yana tare diddigar, ya bar wani ɓangare na man ya wuce, shi ya sa gahawarsa take da kauri da laushi a baki. Har yau a Burazil da Japan akwai masu riƙe da wannan hanya.

Niƙa shi ne matakin farko da ake yin kuskure. Kada ta yi laushin garin tuwo, domin za ta toshe ƙyallen, ruwa ya tsaya, ɗaci ya yi yawa. Ta yi kamar ƙananan tsaki. Wanda ba shi da injin hannu, ƙaramin turmi ya ishe shi, in dai ba a taɓa daka yaji a ciki ba. Giram 15, wato kimanin babban cokali 3, ya isa ruwa mililita 250. Idan butar ta tafasa a kan gawayi, a sauke ta ta huta kamar minti 1, a jiƙa matacin, sannan a zuba garin. Da farko ruwa kaɗan ake zubawa, iya wanda zai jiƙa garin, a dakata daƙiƙa 30 ya kumbura ya fitar da iskar da suya ta bari a cikinsa. Daga nan sai a ci gaba da tsiyayawa siriri, ana zagayawa daga tsakiya, ba tare da ruwan ya bi ta jikin ƙyallen kai tsaye ba. Minti 3 zuwa 4 an gama. Mai son citta ko kanumfari ya sa a kofinsa, domin ƙyalle ba ya sakin ƙamshin da ya kama.

Inda na fi tsanantawa shi ne kula da matacin, domin man da ya maƙale a zaren yana lalacewa da sauri a zafin Maris da Afrilu, kuma ɗanɗanonsa zai bi kowane kofi. Da an gama a zubar da diddigar, a ɗauraye da ruwan zafi nan take, kuma sabulu kada ya taɓa shi ko kaɗan. Masu firiji sukan ajiye shi cikin ruwa mai tsabta a kwalba a rufe, suna sauya ruwan kullum. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a shanya shi ya bushe ƙarau, a ɗaki idan lokacin ƙurar hunturu ne. Duk mako a tafasa shi minti 10. Ranar da ruwa ya fara jinkirin sauka duk da tafasawar, ko wani wari ya ƙi fita, sai a koma wajen tela a ɗinko sabo.