Vla da kek ɗin tuffa na Holan: ma'auni, wuta da wuraren da suke ɓaci

Abin zaƙin da mutanen Holan suke sha bayan abincin dare suna kiransa toetje, kuma galibinsa da madara ake yi. Madarar Peak da muka tashi muka tarar a kantuna ma daga can ta fito, tun 1954 take shigowa Najeriya. Da na fara gwada waɗannan girke-girke a gida, abin da na lura da shi shi ne kayan haɗinsu kaɗan ne: madara, bota, ƙwai, sukari, fulawa. Don haka in aka kuskure wuta ko awo, babu wani kayan ƙamshi da zai rufa asiri.

Da vla na fara. Ɗan'uwan kastad ne, sai dai bai kai shi kauri ba, yana zubowa daga cokali kamar kunun gyaɗa mai kyau, kuma da sanyinsa ake shansa. A Holan a kwali ake sayar da shi kamar madara. Lokacin da ake zuba shi a kwalba har wani ɗan maƙwaƙuli gare su mai dogon hannu, flessenlikker, na kwashe abin da ya manne a ciki.

Awon da ya zauna mini: madara lita 1, sitacin masara da muke saya da sunan kwanfulawa giram 40, gwaiduwar ƙwai 2, sukari giram 70, banila ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan taɓawa. In madarar gari ce, giram 130 na mai cikakken maiƙo a ruwa mililita 900 yana ba da lita guda. Ina ɗibar kamar rabin kofi na madarar da sanyinta, in dama sitacin da gwaiduwar da sukarin a ciki har su yi sumul. Sauran madarar tana kan wuta a tukunya mai kaurin gindi. Da ta fara turiri, ƙananan kumfa suka jeru a gefe, sai in sauke, in zuba ludayi guda a kan haɗin ƙwan ina burgawa da maburgi, in ƙara na biyu, sannan in juye duka cikin tukunya in mayar kan ƙaramar wuta.

A nan ne aikin yake. Karon farko na juye haɗin ƙwan kai tsaye cikin tafasasshiyar madara, sai gwaiduwar ta dahu nan take, vla ya fito da gudaji ƙanana kamar tsakin masara. Rariya tana ceton irin wannan in bai yi yawa ba. Karo na biyu na ji tsoron wuta, na sauke da zarar ya fara kauri. Ya yi kyau a tukunya, washegari na buɗe firji na tarar ya tsinke. Dalilin shi ne gwaiduwa tana ɗauke da wani sinadari mai narka sitaci, kuma sai zafi ya kai kusan tafasa yake mutuwa. Sitacin yana kare ƙwan daga guntsewa, saboda haka babu laifi a bar shi ya yi ɓul-ɓul a hankali na minti ɗaya zuwa biyu ana juyawa har gindin tukunya. Irin wannan sinadarin yana cikin miyau, shi ya sa cokalin da aka ɗanɗana da shi ba ya komawa tukunya; masu dama kunu sun daɗe da sanin wannan.

Madara tana kamawa da wuri, kuma da ta yi ƙauri shi ke nan. In na ji gindi ya kama, ba na kankarewa, sai in juye na saman cikin wata tukunya. Yanar madara kuma tana taruwa a sama yayin hucewa. Leda mai tsabta da aka kwantar a kan fuskar vla ɗin tana hana ta, ko a barbaɗa ɗan sukari.

Daga wannan tushe ake samun sauran. Garin koko (cocoa) giram 25 da ƙarin sukari cokali biyu yana ba da na cakulan. Wanda na fi so shi ne hopjesvla, mai ɗanɗanon alewar kofi ta birnin Hague: a narka sukari giram 100 a busasshiyar tukunya har ya yi launin zuma mai duhu, a zuba kofi mai ƙarfi mililita 100 da zafinsa, a tsaya nesa domin yana fantsama, sannan a haɗa da madarar. In sukarin ya wuce ya yi baƙi, ɗaci ne kawai zai fito.

Hangop bai da wahala ko kaɗan. Kindirmo lita 1 nake zubawa a farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, in bar shi a firji awa shida zuwa takwas. Ruwan ya tsane, kusan rabi ya rage, mai kauri kamar kirim, sai zuma da 'ya'yan itace. A waje cikin zafi tsami yake yi. Griesmeelpudding kuwa samolina ce giram 100 a madara lita 1 da sukari giram 75, a barbaɗa ta a hankali ana burgawa, minti biyar zuwa takwas, a juye a kwanon da aka jiƙa da ruwan sanyi don ya fita salin-alin. Mutanen Holan da jan ruwan wasu 'ya'yan itace masu tsami suke ci. Na dafa zoɓo da sukari na ɗaure shi da ƙaramin cokali na sitaci, tsamin da launin duk suka dace.

Appeltaart, kek ɗin tuffa, shi ya fi cin lokaci. Dogo ne, ana gasa shi a gwangwanin da gefensa ke buɗewa, mai faɗin santimita 24. Ƙullun: fulawa giram 300, bekin foda ƙaramin cokali 2, bota mai sanyi giram 200, sukari mai ruwan ƙasa giram 150, ƙwai 1 a rage kaɗan na shafawa, gishiri. Cikin: tuffa kilo 1, zabibi giram 75, kirfa ƙaramin cokali 2, sukari giram 40, ruwan rabin lemon tsami, garin kastad babban cokali 2. A Holan tuffa mai tsami suke nema, irin goudreinet ko Elstar. Koriyar nan mai tsami da ake samu wajen masu 'ya'yan itace ita ta fi kusa. Ja mai zaƙi tana sakin ruwa ta bar kek ɗin lami. Wasu girke-girken suna jiƙa zabibi a giya. Shayi mai zafi na minti goma sha biyar yana kumbura shi daidai, a tsane shi sosai.

Bota ita ce matsalar a ƙasa mai zafi. In ta narke a hannu kafin gashi, ƙullun yana yin maiƙo, gefen ya zame ya zauna a obin. Da sassafe nake haɗawa, da yatsu, ba murzawa irin ta burodi, in sa a firji awa guda. Kashi biyu cikin uku nake dannawa a gindi da gefen gwangwani da hannu, sauran in yanka siraran layuka in gicciya a sama. Soyayyen man shanu bai yi mini ba: babu ruwa a cikinsa, ƙullun ya ƙi haɗuwa, ya riƙa rugujewa.

Jiƙaƙƙen gindi shi ne abin da ya fi ba ni wahala. Sukari yana jawo ruwan tuffa, don haka ba na haɗa su sai ƙullu ya riga ya shiga gwangwani. Garin kastad ɗin yana shanye sauran, kuma ina barbaɗa garin busasshen burodi cokali biyu a ƙasa. Gashi a digiri 175 ne, minti 60 zuwa 70. Obin na gas yana dukan ƙasa, sai in ɗora gwangwanin a tsakiya, in saman ya yi ja da wuri in rufa da takardar gashi. Kada a buɗe gefen kafin awa biyu: da zafinsa cikin ruwa-ruwa yake, yana kwararowa.

Abin zaƙi na zamani da na gwada shi ne wanda ake jerawa a kofin gilashi da stroopwafel, biskit ɗin birnin Gouda mai narkakken sukari a tsakiya. Guda huɗu a gutsuttsura, hangop giram 250, kirim da aka buga mililita 200, sukari cokali ɗaya kacal domin biskit ɗin ya ishe shi zaƙi, da tuffa biyu da aka soya a bota da kirfa aka bari suka huce. A jera hawa-hawa, firji awa uku. Kirim ba ya tashi sai da sanyi, shi da kwanon duka, kuma da ya tsaya a kan maburgi a dakata, in an zarce bota zai koma. Gutsuren da za a barbaɗa a sama ina ajiye shi daban sai lokacin kaiwa, domin wanda ya kwana a ciki laushi yake yi.