Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Giyar da aka ce babu maye a cikinta

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya ne inda rawar hannu ta sake ni bayan na daina shan giya, na fara cin tuwo ya zauna, na koma kan moto ina kilando, wato acaɓa, a cikin Garwa ta Kamaru. Lokacin zafi ne kuwa, duk wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san zafin rana yana haura digiri 40, kwalta kanta huci take, ni kuma jikina ya saba idan na yini a rana sai na biya Yelwa, unguwar mashaya, na sha giya mai sanyi, ko in aljihu ya yi kuka na bi gidan bilbil, wato burkutu. Yanzu babu. Sai zobo da shayi, su ne abokan yinina.

Wata Lahadi Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, tana wasa, wani tsohon abokina da muka yi shekaru muna zama tare ya ja ni kallo, shi har ga Allah alheri yake nufi, ya ce min "mutumina ai yanzu duniya ta ci gaba, akwai wadda ba ta da komi a ciki, duba nan an rubuta sans alcool, wato babu barasa, ka sha abinka babu wanda zai ce ka koma." Ya buɗe min. Wallahi ƙarar marfin nan da ya yi tsss, da kumfan da ya taso bakin kwalba, da sanyin da ya jiƙa min tafin hannu, tun ban kai baki ba yawu ya cika min baki zuciyata na bugawa. Na sha rabi, ban yi maye ba ko kaɗan, amma daren nan ban runtsa ba, ina ta juyi a tabarma ina lissafin wace mashaya ce ba ta rufe ba tukuna, sai da na ba Inna makullin moto na ce ta ɓoye kar ta ba ni ko na yi kuka.

Washegari na je wajen ma'aikacin jinyar da ke duba ni, ya zaunar da ni ya min bayani tiryan-tiryan. Ya ce ita wannan giya ce ake dafawa kaman kowace, da sha'ir da yis, daga baya a cire barasar ko a tsayar da ruɓin tun bai yi nisa ba, shi ya sa wari da ɗacin suke nan daram. Giyar kwalba da muka sani tana da wajen kashi 5 cikin 100, ita kuwa wannan a ƙasashe da yawa ana barin ta kai 0.5 kuma a kira ta marar maye, a Faransa ma doka ta yarda har 1.2. Mai 0.0 ita ce kusan babu komi. Amma ya ce min "ƙanena ba lambar nake jin maka tsoro ba, ƙwaƙwalwarka ta haɗa warin nan da kwalba da benci da kiɗan wurin duk ta ɗaure su da maye, ka taɓa ɗaya sauran su farka."

Ni dai maganar ta shige ni don na gani a jikina. Akwai waɗanda suke cewa ita ta taimake su suka rage sha, ban ƙaryata su ba, wanda yake shan biyu a biki daban, wanda giya ta cinye masa moto da aure irina daban. Kuma a ina ake sayar da ita? yawanci firiji ɗaya da waccan, mai miƙo maka ɗaya, abokan zama ɗaya. Kawu da na kai masa zancen bai ma tsaya kan halas ko haram ba, cewa ya yi "ɗana mai ciwon ido ba ya wasa da barkono."

Tun daga nan na canza hanya, in na ɗauko fasinjan Yelwa bayan magariba a bakin titi nake sauke shi. Abokina ya ji haushi ya ce na raina shi, muka yi wata da watanni ba ma gaisawa, kuma abin ya min ciwo sosai don shi ya kai ni asibiti ranar da na faɗi. Yadda muka sake haɗuwa da shi a bakin gadar Binuwai, da abin da ya roƙe ni, sai mako mai zuwa in sha Allah.