Layin Jarkoki a Bakin Burtsatse: Koyar da Sashe na 10 ta Hanyar Zanen Fosta

Kalmar da ta fi ba ni wuya a darasin ilimin zama ɗan ƙasa ita ce "sekula", wato gwamnatin da ba ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba. A ƙauyen da nake koyarwa, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da ka furta ta abin da yara ke ji shi ne a bar addini, kuma haka za su kai labari gida. Shi ya sa na daina fara darasin da ita. Kundin tsarin mulki na 1999 ma bai yi amfani da kalmar ba. Abin da sashe na 10 ya ce shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini ko ƙabila. Waɗannan ukun na rubuta a allo da Hausa, na ce wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare za mu mayar da su fosta.

Makon farko ba mu zana komai ba, kallo muka yi. Na kawo takardar naira dubu na sa suka karanta ajamin da ke jikinta. Da yawa sun ɗauka addu'a ce, sai da wani yaro mai allo ya karanta: "Naira dubu". Hausa ce zalla, an sa ta don wanda bai yi boko ba ya san kuɗinsa. Daga nan muka duba tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959: kore, fari, kore, babu wata da tauraro, babu gicciye. Na tambaye su dalili, na bar su suka yi ta gardama.

Mako na biyu na raba yara sittin rukuni goma. Kowane rukuni ya samu farin kwali biyu, fensir, rula, da maka kala biyu kawai. In ka ba yaro kala shida, duk shidan zai zuba, saƙon ya nutse. Kafin a taɓa kwali, dole rukuni ya yi ƙananan zane takwas a littafi, kowanne kamar girman kwalin ashana. Rubutu kada ya wuce kalma bakwai. Tsayin harafi santimita biyu da rabi ga kowace tazarar mita uku, wato fostar da za a karanta daga bayan aji tana son harafi mai santimita bakwai ko takwas. A ja layi da fensir, a ƙirga haruffa tukuna, in ba haka ba kalmar ƙarshe za ta matse a gefe.

Zanen farko kusan duka iri ɗaya ne: masallaci a dama, coci a hagu, hannu biyu suna musabaha a tsakiya. Ban karɓa ba. Wannan hoton zaman lafiya ne tsakanin maƙwabta, abu mai kyau, amma bai nuna aikin gwamnati ba, alhali sashe na 10 kan gwamnati yake magana. Sai na ce su zano abin da aka yi da kuɗin kowa: burtsatse, asibitin sha-ka-tafi, rumfar zaɓe, burtalin shanu. A nan aikin ya buɗe. Wani rukunin 'yan mata suka zana jarkoki tara a layi gaban famfo, girmansu ɗaya, babu mutum ko ɗaya, a ƙasa suka rubuta: "Famfo ba ya tambayar addininka". Da na tambayi shugabarsu me ya sa girman jarkokin ya zo ɗaya, ta ce, "Malam, in ɗaya ta fi girma, ai an san ta mai gari ce."

Rashin sa mutum a zanen ya warware wata matsala kuma. Akwai iyayen da ba sa son ɗansu ya zana mai rai, kuma ban ga dalilin jayayya da su ba, tunda hannu, takalma a ƙofa, ko yatsa mai tawadar zaɓe sun isa. Na kuma hana rubuta aya ko sunan Allah a fosta, don takarda ce da iska za ta yar a ƙasa a taka. Alamun jam'iyya ma na hana. Tsintsiya, lema ko jar hula in suka shiga, fostar ta zama ta kamfen ko da yaro bai nufa ba.

Uku da suka fi kyau muka mayar cikin waya. Cikin manhajojin zane, PixelLab muka yi amfani da shi saboda yana aiki ba data, Canva kuwa sai da intanet, ga sabis ɗinmu sai an hau tudu. Abin da ya ci mana kuɗi shi ne haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati ko su canza siffa a tsakiyar kalma, "ƙasa" ta koma "kasa". Salon rubutu na Noto Sans da na Andika suna da su. A adana aikin a matsayin hoto kafin a kai shagon bugawa, don kwamfutar shagon ba lallai tana da salon ba. A kuma buga gwaji ɗaya ƙarami tukuna, domin koren da ke haske a waya yakan fito da duhu a takarda.

Wajen mannawa mun dama sitacin rogo, amma hunturu ya busar da kwalin ya nannaɗe cikin kwana kaɗan. Ƙusa da murfin kwalba a kusurwa huɗu sun fi riƙewa. Kafin a kafa ko ɗaya a wajen makaranta, na kai su gaban mai gari da limamin Juma'a da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, yaran da kansu suka yi bayani. Liman ya nemi a gyara kalma ɗaya a fostar rumfar zaɓe, muka gyara. Ta jarkokin kuwa ya ce a kafa ta a jikin bangon burtsatsen.