Rariyar imel: abin da na koya a wurin aiki

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani kafe a Kano, irin wanda ake buga takardu da fotokwafi da yi wa ɗalibai rajista, kuma in ka ce in ƙirga imel ɗin da na buɗe wa mutane a wurin nan wallahi ba zan iya ba. Yaro zai shigo da uwarsa za a yi rajistar JAMB, a ce ina imel ɗinka, ya ce ba shi da shi, nan take in buɗe masa ɗaya in rubuta kalmar sirrin a bayan rasit in miƙa masa. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa tsayawa na yi tunanin wane kamfani ya fi wani ba, a wurina imel imel ne, duk wanda shafinsa ya fi saurin buɗewa a ranar shi zan yi.

Sai da na bar kafe na samu aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai tallafa wa makarantun unguwa sannan na gane akwai magana a ciki. Mu bakwai ne a ofis, kuma da yake ni ne na fito daga kafe, duk abin da ya shafi kwamfuta ni ake kira. Oganmu, wani dattijo mai son tsari, ya ce ba ya son a riƙa aika wa manyan ƙungiyoyi wasiƙa da adireshin kyauta, yana son wanda ke ɗauke da sunan ƙungiya. Maganarsa gaskiya ce. To wanda ya haɗa mana shafin intanet sai ya ce ai imel na cikin kuɗin da muka biya, ya buɗe mana guda biyar, muna shiga ta burauza, muka ji daɗi an samu sauƙi.

Wata biyu na farko lafiya lau. Daga nan muka sa adireshin a shafinmu, muka buga shi a kati da allon ƙofar ofis, shikenan sai shara ta fara zuwa. Da farko goma a rana, kafin wata shida in sakatariyarmu ta buɗe akwatin da safe sai ta tarar da sama da ɗari, tallan magani, tallan bashi, wai ka ci caca a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, wai wata bazawara na son ta ba ka amanar dukiyar mijinta. Baiwar Allah nan sai ta ɓata kusan awa guda tana gogewa kafin ta fara aikin da aka ɗauke ta don shi, kuma mai gogewa da sauri dole wata rana hannunsa ya haɗa da na kirki.

Ranar da hankalina ya tashi sosai ita ce ranar da Hajiya mai riƙe mana lissafi ta kira ni, ta ce "Ɗana zo ka duba min, banki sun ce za su rufe asusun ƙungiya in ban sabunta BVN ba yau." Na je na duba, tambarin banki ne sak, kalar ma iri ɗaya, amma da na taɓa sunan wanda ya aiko sai ainihin adireshin ya fito, wasu haruffa ne barkatai da ba su da alaƙa da banki ko kaɗan. Ta riga ta latsa, shafin ya buɗe, lambar kati kawai ya rage ta sa. Na ce "Hajiya don Allah ki ɗaga hannunki, banki ba ya neman lambar sirrinki ta imel." Jikinta har rawa yake. Matar nan ba sakarya ba ce, shekara da shekaru tana aikin kuɗi, saƙon ne bai kamata a ce ya iso gabanta ba tun farko.

Na kira mai shafin na faɗa masa, ya ce ba matsala zai ƙara wa matatar shara ƙarfi, wato abin da ke tace saƙonni kafin su shigo akwati. Ya ƙara kuwa. Washegari akwati fes, kowa na murna har da ni. Abin da ban tambaya ba, kuma har yau yana damuna, shi ne ina saƙonnin da aka tare suke tafiya. Ashe yadda ya saita abin, duk saƙon da na'ura ta zarga goge shi take yi kai tsaye, babu wani akwati da ake ajiye shi. Bayan sati uku wata ƙungiya da muka nemi tallafin littattafai a wurinsu suka bugo waya suna tambaya me ya sa ba mu amsa ba, sun aiko da fom sau biyu, wa'adi ya wuce. Oga bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi "Malam, yaran nan fa da littattafan nan muka yi musu alkawari." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A nan na fahimci abin da duk macen da ta taɓa tankaɗe ta sani. Rariya mai manyan ido tsaki da tsakuwa za su bi gari su wuce, wadda idonta ya toshe kuma garin ne zai ƙi sauka, in ba ki duba ba ki zubar da shi tare da dusa. Ni da nake ta auna kyan imel da yawan sharar da ya tare, ashe rabin lissafin kawai nake yi. Shara ɗari ta shigo maka ɓata lokaci ne, amma wasiƙa ɗaya ta gaske ta ɓace ba ka ma san an aiko ba, wannan ba ka da yadda za ka gyara. Tun daga ranar tambayata ta farko ga kowane imel ita ce, abin da ka tare ina kake ajiye shi, kwana nawa zai yi, kuma in na ce maka ka yi kuskure za ka ji?

Sai na zauna na karanta yadda abin yake aiki, don in daina tafiya a duhu. Matatar ba kalmomin cikin saƙo kawai take dubawa ba. Tana duba daga wace na'ura saƙon ya taso da irin sunan da na'urar ta yi a baya, tana duba ko wanda ya ce shi ne ya aiko da gaske shi ne, akwai wasu hatimai uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC da mai adireshi ke saitawa don a tabbatar ba sojan gona ba ne. Sannan babban abin, tana koyo daga mutane. Duk lokacin da wani a Indiya ko Brazil ya danna cewa saƙon nan shara ne, an ƙara wa matatar ilimi, kafin irinsa ya iso gare ka an riga an san fuskarsa. Wannan ne ƙaramin mai shafi ba zai taɓa samu ba komai ƙoƙarinsa, mutum ɗari biyu ke amfani da na'urarsa, su kuwa manyan suna da ɗaruruwan miliyoyi. Google na cewa Gmail na tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na shara da saƙon damfara, maganarsu ce a kan kayansu, amma abin da na gani da idona bai yi nisa da haka ba.

Na buɗe asusu a wurare huɗu na yi wata guda ina gwadawa, Gmail da Outlook da Yahoo da Proton. Outlook shi ne tsohon Hotmail da aka fara a 1996, Microsoft ta saye shi a 1997. Yahoo Mail ma tun 1997 yake, kuma mu nan da shi akasarinmu muka fara, Gmail sai a 2004 ya zo. Proton na ƙasar Suwizalan ne, ƙarfinsa sirri, wanda aikinsa ke buƙatar ɓoye magana zai so shi amma wurin ajiyarsa na kyauta kaɗan ne in ka kwatanta da gigabait 15 da Google ke bayarwa, ko da yake shi ma 15 ɗin da hotunanka da fayilolinka ake raba shi. Dukkansu huɗun suna da akwatin shara da za ka iya buɗewa, suna da maɓallin cewa wannan ba shara ba ne, wato abin da ya fi damuna duk sun wuce shi. Na kuma duba tarihin tsaro, don a 2013 an yi wa Yahoo kutse wanda daga baya kamfanin da kansa ya ce ya shafi asusu biliyan 3, darasin da na ɗauka a nan shi ne komai girman kamfani kar ka dogara da kalmar sirri kaɗai, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a sake neman wata shaida, kamar lambar da za ta zo wayarka.

Wani abu da ban zata ba, ashe mu ma namu saƙonnin a akwatin sharar mutane suke faɗawa. Hatiman nan uku ko ɗaya ba a saita mana ba, kuma na'urar da muke kai mu da wasu ne da ba mu san me suke aikawa ba, in maƙwabcinka ya ɓata suna har kai zai shafa. Ga kuma salon rubutunmu, kan wasiƙa da manyan baƙaƙe, gaggawa gaggawa, maganar kuɗi a layin farko, fayil a maƙale ba bayani. Duniya ta daɗe da sanin damfarar da ake kira 419, sunan ma daga sashe na 419 na dokar laifuka ta Najeriya ya samo asali, kuma abin takaici wasiƙarmu ta neman tallafi ta gaskiya kamanninta ɗaya da ta 'yan damfarar. Na zauna da sakatariya muka sake tsarin rubutun gaba ɗaya. Tun watan Fabrairun 2024 ma Google da Yahoo suka tsaurara, mai aika saƙo da yawa dole ya saita hatiman nan kuma ya ba mutane hanyar fita cikin sauƙi.

A ƙarshe na kai wa oga shawara mu bar sunan ƙungiya a adireshin amma mu mayar da akwatunan wurin Google, irin wanda ake biyan kuɗi. Ya yi jim da ya ji kuɗin wata wata ne kuma kowane mutum da nasa, ga yadda canji yake. Na ce "Ranka ya daɗe, ba sai mun yi biyar ba, biyu sun isa, na ofis da na lissafi." Haka aka yi. Ba na cewa kowa sai ya bi wannan, wata ƙungiya da muke hulɗa da su Zoho suke amfani da shi kuma ba su da kuka, abin da nake cewa kar ka karɓi imel don kawai an haɗa maka shi kyauta a cikin wani ciniki ba ka tambayi komai ba.

Sauran kuma hali ne, matatar shara ba za ta yi maka shi ba. Gmail na goge abin da ke akwatin shara bayan kwana 30, don haka na sa doka duk ranar Alhamis kafin a tashi sai an buɗe shi an duba, minti biyar ne, kuma sau da yawa mun tsinci wasiƙar gaske a ciki mun danna cewa ba shara ba ce, mun sa mai ita a jerin waɗanda muka sani. Na hana goge shara haka kawai, a fara kai ƙararta da maɓallin, don gogewa ba ta koya wa matatar komai. Saƙon ɗan damfara ba a amsa shi, ba a danna inda ya ce danna nan ka daina samun saƙo, yin haka shaida ce gare shi cewa akwai mutum a bayan adireshin. Muka cire adireshin lissafi daga ko'ina, ba a kati ba a allo, banki da mutum uku kawai suka san shi, kuma har yau da wuya ka ga shara a cikinsa.

Abin da ke dawo min a rai shi ne yaran nan na kafe. Nawa ne a cikinsu saƙon makaranta ko na tallafin karatu ya shiga akwatin da ba su ma san da shi ba, nawa ne na sa wa lambar wayar da ba tasu ba a wurin dawo da asusu, rasit ya ɓace, shikenan. Kwanaki 'yar yayata ta zo in buɗe mata imel za ta nemi gurbin karatu, ta ce "Kawu yi sauri ana jirana." Na ce ta zauna. Da hannunta ta zaɓi kalmar sirri, muka sa layin da aka yi rajistarsa da sunanta, sannan na aika mata saƙo daga wayata na ce ta nemo min akwatin shara da kanta, ta yi ta lalube cikin manhajar har ta gano shi a can ƙasan jerin, na ce to duk sati ki leƙa nan har sakamako ya fito.