Inda Aka Kwana da Aikin Ƙofar Siriyal ta Commodore 64

'Yan'uwa masu koyo, wannan ne mako na uku tun da na fara ƙoƙarin haɗa tsohuwar kwamfutar Commodore 64, wadda aka fara sayar da irinta a 1982, da kwamfutar teburina ta hanyar RS-232, wato ƙa'idar tura bayanai bit ɗaya bayan ɗaya ta waya (siriyal), kuma sai a daren jiya haruffa suka fara ƙetarawa.

Matsalar duka ta ƙarfin lantarki ce. Ƙofar bayan Commodore mai haƙora 24 tana aiki ne da sifili da bolt 5, alhali ƙa'idar RS-232 tana karanta lamba 1 idan layi ya sauka tsakanin bolt 3 da 15 ƙasa da sifili, tana karanta 0 idan ya hau tsakanin bolt 3 da 15 sama da sifili. Wato ƙarfin ya bambanta, ma'anar ma a juye take. Duk wanda ya haɗa wayoyin kai tsaye, aisin (IC, wato ƙaramin guntun lantarki) mai lamba 6526 da ke bayan ƙofar ne zai ɗanɗana kuɗarsa, kuma an daɗe da daina ƙera shi.

Da farko na yi tunanin MC1488 da MC1489 na Motorola, aisi masu sauya ƙarfin lantarki tsakanin ɓangarorin biyu, waɗanda magabata suka yi amfani da su, amma na farkon yana buƙatar wuta ta sama da ta ƙasa da sifili daga waje, ni kuwa bolt 5 ne a hannuna, wanda ƙofar ke bayarwa a haƙori na 2, kuma bai kamata a ja fiye da miliamfiya 100 ba. Saboda haka na koma ga MAX232 na kamfanin Maxim, wanda yake ninka bolt 5 ɗin zuwa kusan 10 da taimakon kafasitoci (ƙananan kayan da ke tara cajin lantarki), sannan ya juya shi zuwa kusan 10 ƙasa da sifili.

A kan kafasitocin nan ne na yi asarar kwana huɗu. Asalin MAX232 yana son masu mikrofarad 1, ni kuma na sa irin masu doguwar ƙafa (+) da gajeriya (−), waɗanda ba a juya su. Hannuna ya saba kai gajeriyar ƙafa layin ƙasa (layin sifili), don haka na yi hakan a ƙafa ta 6 ta MAX232 ba tare da na tsaya tunani ba, na mance cewa ita ce ke ɗauke da wutar da ke ƙasa da sifili, don haka doguwar ƙafar ce ya kamata ta tafi layin ƙasa. Mita ta yi ta nuna mini abin da bai kai ko'ina ba, na zargi aisin, na zargi dalmar da na liƙa, sai da na ɗora yatsa a kan kafasitar na ji ɗumi kafin na gane. Da na cire ta na sa sabuwa daidai, ƙafa ta 14, wadda saƙo ke fita ta cikinta zuwa RS-232, ta zauna a wajen bolt 9 ƙasa da sifili, wanda shi ne alamar layin da ke hutawa. Shawarata ita ce ku auna ƙafa ta 2 da ta 6 a kan allon gwaji tun kafin ku kusanci kwamfutar.

Sauran haɗin bai ba ni wahala ba. Haƙorin M na ƙofar Commodore, mai fitar da saƙo, ya tafi ƙafa ta 11 ta MAX232, ƙafa ta 12 mai kawo saƙo kuma ta dawo haƙoran B da C a haɗe, domin B ne ke sanar da injin cewa harafi ya iso. Na gama ramuka na 2 da na 3 na DB-9, soket ɗin siriyal mai ramuka tara, da guntuwar waya don abin da na tura ya dawo mini, na buɗe layin da umarnin OPEN 2,2,0,CHR$(6), wato gudun bit 300 a daƙiƙa, kuma abin da na buga ya dawo allo ba kuskure. Mako mai zuwa zan gwada CHR$(8) mai gudun 1200, sannan in duba layukan RTS da CTS, masu ba da izinin turawa ko tsayawa, tunda akwai sauran mai turawa ɗaya da mai karɓa ɗaya a cikin MAX232 ɗin waɗanda ban taɓa ba tukuna.