Ni da tsohuwar kwamfutar yayana

Kwamfutar yayana na gada a nan Birnin Kebbi, RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) 4GB, batirinta ba ya awa guda in an ɗauke wuta. Burina haɗa manhajojin waya, sai na sauke Android Studio, manhajar da ake haɗa su da ita. Ashe aƙalla 8GB yake nema! Ina buɗe shi ta sandare, fankarta na kuka kamar injin markaɗe.

Dole na koma JavaScript, yaren kwamfuta da ake gina shafukan intanet da shi. Burauza da 'yar manhajar rubutu sun wadatar, ko data ba sai na saya kullum ba. Python kuma, wani yaren kwamfutar, a waya nake gwada ta da manhajar Termux, a gindin darbejiya in zafin Afrilu ya hana zaman ɗaki.

Kuɗin farko da na samu, shafin intanet na yi wa wani dillalin shinkafa a Argungu.