Daren da Jamus ta lallasa Brazil ba tare da cin mutunci ba

Masu kallon ƙwallon ƙafa sukan ɗauki lallasa abokin karawa da wulaƙanta shi a matsayin abu guda, alhali kuwa akwai tazara mai nisa a tsakaninsu. A ganina babu wasan da ya fito da wannan bambanci fili kamar wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, wanda Jamus da Brazil suka buga ranar 8 ga Yulin 2014 a filin Mineirão da ke birnin Belo Horizonte.

Brazil ta shiga fili ne da giɓi biyu, domin Neymar ya samu karaya a ƙashin baya a wasansu da Kolombiya, kyaftin Thiago Silva kuma an dakatar da shi saboda katin gargaɗi. Duk da haka babu wanda ya yi zaton abin da ya biyo baya, tunda rabon da a doke ta a gida a wasan gasa tun 1975. Thomas Müller ne ya fara zura ƙwallo a minti na 11 daga bugun kusurwa. A minti na 23 Miroslav Klose ya ci ƙwallonsa ta 16 a gasar kofin duniya, ya shafe tarihin yawan cin ƙwallaye na Ronaldo ɗan Brazil a gaban 'yan Brazil ɗin, sannan Toni Kroos ya ƙara biyu a jere, Sami Khedira ya cike ta biyar tun ba a kai minti 30 ba. Kyamarori suka riƙa nuno 'yan kallo, manya da yara, suna zubar da hawaye, wasu sun dafe kai sun kasa ko motsi.

Abin da ya faru bayan nan shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ɗan wasan bayan Jamus Mats Hummels ya bayyana daga baya cewa lokacin hutun rabin lokaci sun yi magana a tsakaninsu, sun amince za su ci gaba da wasa da gaske amma ba za su yi abin da zai tozarta masu masaukinsu ba. Hakan kuwa aka gani: babu wasa da ƙwallo don burge jama'a, babu rawar tsokana a gaban magoya baya. Ba su kuma sassauta ba, wanda ni a wurina shi ma girmamawa ne, domin wanda ya daina ƙoƙari saboda tausayi tamkar ya ce maka ba ka isa ya yi gumi a kanka ba ne. André Schürrle ya ƙara biyu, ta biyun ma har 'yan Brazil suka tafa masa, kafin Oscar ya rama guda a minti na 90. Da aka tashi 7 da 1, 'yan wasan Jamus suka bi abokan karawarsu suna rarrashi, kocinsu Joachim Löw kuma ya tuna yadda Italiya ta fitar da su a gida a irin wannan mataki a 2006, ya ce sun san zafin abin.

Sai dai wannan dattako bai ɗore har ƙarshe ba, kuma abin ya yi mini ciwo. Bayan sun doke Ajantina da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe, wasu daga cikin 'yan wasan, har da Klose da Kroos da Mario Götze, sun hau dandamalin biki a Berlin suna tafiya a duƙe, suna waƙar cewa haka 'yan Ajantina ke tafiya, sannan su miƙe tsaye su ce haka Jamusawa ke tafiya. Wasu jaridun Jamus da kansu sun soki wannan rawa, kuma da gaskiyarsu, domin ƙungiyar da aka yi wa shaguɓen ta riƙe su babu ci har zuwa minti na 113.